Ɗigon Baƙin Mai A Ƙarƙashin Tsohuwar Mota: Yadda Muka Yi Da Tamu A Tsakar Gida



A yawancin garuruwanmu, tun daga Yamai har Damagaram, gidan da Allah ya hore wa mota sau da yawa tsohuwa ce yake da ita, wadda ta daɗe tana aiki kafin ta zo hannunsa. Irin waɗannan motoci suna da wata larura da jama'a suka saba da ita har suka daina ɗaukar ta a bakin komai, wato yoyon baƙin mai. Za ka ji magidanci yana cewa ai tsohuwar mota ba ta rabuwa da ɗigo, sai ya ajiye galan a bayan mota, duk bayan kwana biyu ya ƙara. Mun ga ya dace mu kawo muku labarin yadda muka yi da tamu a Maraɗi, da abin da muka fahimta game da dalilan yoyon, da kuma iyakar abin da mutum zai iya yi da hannunsa, ko Allah ya sa wani gida ya amfana.

Motar gidanmu

Motar tamu Peugeot 504 ce, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. An fara fitar da irinta a Faransa a shekarar 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, abin da ya ƙara mata farin jini a wurin masu bin hanyoyi marasa kwalta. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar haɗa motocin Peugeot ta Kaduna ta soma aiki, kuma bayan an daina yin 504 mai kujeru a Faransa a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Tamu haɗin Kaduna ce ta shekarun 1980, mai injin fetur na silinda 4 wanda girmansa ya kusa lita 2, kuma yana ɗaukar baƙin mai kimanin lita 4.

Marigayi mahaifinmu ne ya saye ta. A watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, kayan gyaran da ake shigowa da su daga Turai suka yi tsadar da ƙaramin ma'aikaci ba ya iyawa. Tun daga lokacin Baba ya tanadi akwatin sifanu, ya riƙa yin juye da ƙananan gyare-gyare da kansa, mu kuwa muna tsaye muna miƙa masa abin da ya nema. Bayan rasuwarsa motar ta zama ta gida gaba ɗaya. Ita ce ke kai Inna ganin likita, ita ce ke ɗauko buhunan hatsi daga gona, kuma maƙwabta sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan naƙuda ta taso cikin dare.

Da shekaru suka tura, yoyon da a da bai wuce danshi a jikin inji ba ya zama ɗigo, muka soma auna shi. Tsakanin alamar sama da ta ƙasa a sandar awon mai, a yawancin motoci, kimanin lita 1 ne, kuma tamu tana saukowa daga sama zuwa ƙasa cikin kwana 15. Wanda ke raina ɗigo ya yi wannan lissafi: idan aka ɗauka ɗigo 20 ne ke cika mililita 1, to ɗigo ɗaya a kowane minti ya kai ɗigo 1,440 a kwana, wato kimanin mililita 70, a wata kuma ya haura lita 2. Rabin man da ke cikin injin ke nan yake ƙarewa a ƙasa kowane wata.

Da muka zauna shawara, Yaya ya ce a sayar da ita tun tana da sauran daraja, domin kuɗin mai kaɗai ya isa ciwon kai. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ni ba kuɗin ne ya fi damu na ba. Rijiyar da muke sha taku nawa ne daga inda motar nan take kwana? Ga jikokina nan suna rarrafe a wurin. Ko ku gyara ta, ko ku fitar da ita daga gidan nan." Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi shekaru yana tuƙin motar haya, ya ce, "Yaya, ki ba yaran nan mako biyu. Yoyo kashi-kashi ne, akwai na tsakar gida, akwai na garaji. Bari mu fara sanin wanne ne." A kan haka aka tsaya.

Me ke sa tsohon inji yoyo?

Inji ƙarafa ne da yawa aka haɗa da notoci, kuma duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ana shimfiɗa wani abu mai taushi a tsakaninsu domin ya toshe kafa. Shi ne Bafaranshe ke kira joint, makanikanmu ke cewa juwan. Ana yin sa da roba, ko takarda mai kauri, ko ɓawon wani itace mai laushi da ake kira liège. Inda kuma sandar ƙarfe mai juyawa ta ratsa bangon inji ta fito waje, ana sa zoben roba mai leɓe, da ƴar siririyar waya a cikinsa mai matse leɓen a jikin sandar, wanda ake kira joint spi.

Baƙin mai a cikin injin da ke aiki yakan kai zafin digiri 90 zuwa 110, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafin gari kansa ke haura digiri 40. Robar da aka fi yin tsofaffin zobba da ita ba ta jure abin da ya wuce wannan sosai, saboda haka shekara da shekaru tana dahuwa tana hucewa har ta bushe, ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ta tsattsage. Ƙurar hunturu kuma tana manne wa danshin mai, ta zama kamar yashin goge tukunya a bakin leɓen zoben, har ta ci rami a jikin ƙarfen da yake juyawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka shi ma mai.

Akwai dalili na biyu wanda mutane da yawa ba su lura da shi. Idan fetur ya kama wuta a saman fistin, wani kaso na hayaƙin yana silalewa ta gefen zobban fistin ya gangara cikin tukunyar mai. A sabon inji kaɗan ne, a tsohon da zobbansa suka ci kuwa da yawa ne. Masu ƙera mota sun tanadi bututun numfashi, wato reniflard, domin wannan hayaƙi ya samu hanyar fita. Idan bututun ya toshe da daskararren mai da ƙura, iska takan taru a cikin inji ta riƙa tura mai waje ta duk inda ta samu rauni. Shi ya sa wani zai canja juwan sau uku yoyon yana dawowa, alhali tushen matsalar bututu ne da bai fi kaurin yatsa ba. Cika mai fiye da alamar sama shi ma yana jawo haka, domin sandar inji tana bugun man tana watsa shi ga zobban da ba a yi su domin nutsewa a mai ba.

Neman mafarin yoyon

Abu na farko da Kawu ya sa muka yi shi ne shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin mota da dare, muka zana wurin tayoyin gaba a jikinsa domin da safe mu san daidai inda kowane ɗigo ya faɗo. Launi da wari su ne ke nuna abin da ke zuba. Baƙin mai baƙi ne ko ruwan ƙasa. Man akwatin giya da na gadar baya a yawancin motoci ya fi kauri, yana da wari mai hawa kai irin na farar wuta. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo sosai, kuma in an sa masa maganin hana tsatsa yakan zama kore ko ja-ja. Man birki kuwa garai-garai ne, yana ɗan ɗaukar rawaya, yakan fito kusa da taya ko a ƙarƙashin tukunyarsa, kuma duk wanda ya ga shi ne ke zuba, kada motar ta motsa sai an gyara. Namu kwalin ya nuna baƙin mai a wuri uku.

To amma inda ɗigo ya faɗi ba lallai nan ne mafarinsa ba. Mai yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi daga gaba zuwa baya, injin 504 kuma a kishingiɗe yake gefe guda, saboda haka man da ya fito daga saman inji yakan bi jikinsa ya je ya ɗiga ta wajen akwatin giya, mutum ya zaci babban zoben baya ne ya mutu. Dokar da Kawu ya maimaita mana ita ce a nemi wurin da ya fi kowane tudu kuma ya fi kowane gaba a cikin wuraren da suka jiƙe.

Wannan ba ya yiwuwa a kan injin da ya yi shekaru yana tara laka, dole sai an wanke. Muka bari ya huce sarai, muka cire wayar batir ta ƙasa, muka ɗaure leda a kan delko da kafireto da dinamo, muka aza faranti mai faɗi a ƙasa domin tare dattin. Da kananzir kaɗan da tsohon buroshi muka sassauta lakar, sannan muka bi da ruwan sabulu, muka bar shi ya bushe a rana. Ba a wankin inji da fetur, domin tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da garwashin murhu a ɗaya kusurwar gidan. Bayan ya bushe muka barbaɗa farar hoda irin ta jarirai a duk mahaɗar ƙarafa, muka tada mota, muka yi zagayen minti 15, muka dawo muka haska da tocila. Sawun mai ya fito baƙi a kan farar hodar, kowanne ana iya bin sa har bakinsa.

Wurare huɗu suka bayyana: gefen murfin kan inji, gindin makunnin fitilar mai, matoshin juye, da kuma wani danshi a mahaɗar inji da akwatin giya.

Kafin a shiga ƙarƙashin mota

A nan za mu ja hankalin ƴan uwa da babbar murya, domin rai ya fi mota. Jak, wato cric, an yi shi ne domin ɗaga mota a canja taya, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa shi kaɗai. 504 ta haura tan 1, idan jak ya goce a kan rairayi babu ƙirjin da zai ɗauke ta. A nemi ƙasa mai tauri kuma daidaitacciya, a ja birkin hannu, a sa giya, a tokare tayoyin baya gaba da baya, sannan a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe na musamman ko manyan gumagumai na katako mai ƙwari. Bulo na siminti ba abin dogara ba ne, yana farfashewa nan take ba tare da ya ba da alama ba. Kafin Kawu ya bar ɗayanmu ya shiga, sai da ya girgiza motar da ƙarfinsa ya ga ba ta motsa ba. Kuma a samu babba guda a tsaye a waje, a kawar da yara nesa, kada a tada inji a cikin rufaffen ɗaki saboda hayaƙinsa yana kisa ba a ji warinsa ba.

Abin da muka gyara da hannunmu

Mun fara da bututun numfashi, tun da idan shi ne sanadi sauran aikin banza ne. Muka cire shi, muka tarar ya kusa toshewa da wani abu baƙi mai kama da kwalta, robarsa kuma ta yi tauri. Muka wanke abin da ke wankuwa da kananzir, muka canja robar. Akwai gwajin da kowa zai iya yi: a bar inji yana aiki a hankali, a buɗe murfin zuba mai. Idan ɗan tururi ne ke fita, babu laifi. Idan kuwa hayaƙi ne ke bugowa da ƙarfi kamar zugazugin maƙeri, to zobban fistin sun ci sosai, kuma sabon juwan ba zai daɗe ba sai an yi wa injin babban aiki. Namu ya fito da sauƙi, muka gode wa Allah.

Na biyu shi ne murfin kan inji, cache-culbuteurs. A irin wannan inji filogi suna zaune ne a cikin dogayen rijiyoyi da suka ratsa murfin, kowace rijiya da zoben robarta, kuma da muka zare wayoyin muka ga mai ya kwanta a cikin biyu daga cikinsu. Wannan ne ya sa motar take ɗan tsinkewa da safe. Muka yi wa wayoyin alama domin kada su rikice, muka cire murfin, muka kankare tsohon juwan da guntun katako, saboda kan injin alminiyum ne, wuƙa tana yi masa rauni. Muka ɗora bakin murfin a kan gilashi domin mu ga ko ya lanƙwashe, muka goge fuskokin biyu har suka bushe, muka sa sabon juwan da sababbin zobba.

Wurin ɗaurewa ne aka fi ɓata wannan aiki. Mutum yana ganin yoyo sai ya ƙara matse noti, alhali matsewar ce ke murƙushe juwan ta kuma lanƙwasa murfin. Ƙaramin noti mai zaren milimita 6 ba ya buƙatar fiye da kimanin Nm 10, wato kamar a rataya nauyin kilo 5 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, ana zagayawa daga wannan zuwa na daura da shi, ba a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. Wannan yoyo na sama shi ne ya fi haɗarin gobara, domin man yana iya gangarowa kan bututun salansa mai zafi.

Na uku makunnin fitilar mai ne, manocontact, wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya da aka ɗaura a jikin inji. A cikinsa akwai siririyar fata da matsin mai ke turawa, idan ta tsufa mai yakan tsattsafo ta wajen wayar. Yana yoyo ne kawai lokacin da inji ke aiki, kuma da matsi yake yi, saboda haka yana iya zubar da mai da yawa a doguwar tafiya ba a ga komai a gida ba. Canja shi aikin minti 10 ne, bayan haka muka kunna makulli muka tabbatar jar fitilar ta kama, da inji ya tashi kuma ta mutu.

Na huɗu muka haɗa shi da juye. A ƙarƙashin matoshin juye akwai zoben jan ƙarfe wanda aka yi domin ya murƙushe sau ɗaya ya toshe kafa. Idan aka maimaita shi sau da yawa yakan yi tauri ya daina toshewa, sai a riƙa matse matoshin har zarensa ya lalace, alhali sabon zoben bai kai kuɗin kofin shayi da burodi ba. Matatar mai kuma, kafin a ɗaura sabuwa a duba cewa robar tsohuwar ba ta manne a jikin inji ba, domin roba biyu a kan juna suna iya fashewa a kan hanya mai ya tsiyaye cikin ƴan mintoci. A shafa wa sabuwar robar ɗan mai, a ɗaura da hannu, bayan ta taɓa ƙarfe a ƙara kimanin kashi uku cikin huɗu na zagaye guda.

Abin da muka bar wa masu sana'a

Bayan mako guda muka sake barbaɗa hoda. Wurare ukun farko sun bushe, danshin mahaɗar inji da akwatin giya ya ragu ƙwarai, abin da ya nuna yawancinsa daga sama yake gangarowa, amma bai ɗauke duka ba. Abin da ya rage daga matoshin bayan sandar inji yake, kuma ba a isa wurin sai an raba inji da akwatin giya, aikin da ke buƙatar abin ɗaga nauyi da hannun da ya saba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Muka je wurin wani dattijon makanike da ya tsufa a kan Fijo, ya leƙa, ya tambayi ko kuloci yana zamewa a hawan tudu, muka ce a'a. Ya ce, "Ƴaƴana, wannan bai kai na gaggawa ba. Ku riƙa duba mai. Ran da kuloci ya nemi canji, sai a yi duka a buɗewa ɗaya, ku biya ladan aiki sau ɗaya." Muka ce, "Mun gode, Baba," kuma haka aka yi bayan wata takwas.

Akwai alamomin da ke nuna lamarin ya wuce tsakar gida. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin injin yana ƙona man ne a ciki. Man da ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara yana nufin ruwa ya shiga, ko ta juwan kan inji ko ta gindin hannayen silinda. Man da ke ƙaruwa da kansa yana warin fetur kuwa sau da yawa fatar famfon fetur ce ta yage. Sannan idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe inji nan take, ko da saura kilomita 2 a isa gari, domin ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, kuma ƙarafan da ke juyawa babu mai cikin ƴan mintoci suke cinye juna.

Dabarun da muka ƙi

Masu ba da shawara sun yi yawa a kwanakin nan. Wani ya ce mu zuba man giya mai kauri a inji, yoyo zai tsaya. Lallai zai ragu, sai dai irin wannan mai ba ya saurin isa saman inji da safe, kuma magungunan da ke cikinsa ba na inji ba ne. Mai lamba 20W-50 ya dace da tsohon injin fetur a ƙasa mai zafi, a nan muka tsaya. Wani ya kawo gwangwanin maganin tsaida yoyo. Aikinsa shi ne ya ɗan kumbura robar da ta bushe, yana iya ba da sauƙi na wani lokaci, amma ba ya ɗinke robar da ta tsage, ba ya miƙe murfin da ya lanƙwashe. Wani kuma ya ce mu lafta gam na silikon ko'ina. Abin da ya matso waje daga wannan gam, irinsa ya matso ciki, kuma idan ya gutsure yakan je ya toshe ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, sai a rasa inji gaba ɗaya saboda ɗigo. Ana sa shi siriri ne kawai a kusurwoyin da aka tanada.

Kayan gyara ma sai an tantance. Yawancin na Fijo daga kasuwannin Kano da Kaduna suke zuwa mana, kuma lokutan da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga 2023 zuwa Maris na 2024, sun yi wuya sun yi tsada, na jabu suka samu kasuwa. Mu dai mukan tafi da tsohon abin a hannu mu gwada, mu lanƙwasa robar mu ga ko tana dawowa ba tare da ta nuna tsaga ba. Araha ba ta ado, musamman a kan zoben da sai an sauke inji kafin a kai gare shi.

Ina za a kai tsohon mai?

Maganar Inna a kan rijiya tana da tushe. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya yana iya gurɓata ruwan sha galan miliyan ɗaya, wato kusan lita miliyan 4. Man da ya yi aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙonewa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna yawan taɓa fata da shi na tsawon lokaci yana jawo ciwon daji na fata. Duk da haka a unguwanninmu ana zuba shi a masai domin kashe wari da sauro, ana shafa wa awaki da raƙuma masu ƙazuwa, ana tuttular da shi a kwata ruwan sama ya kai shi ƙofar maƙwabci ko gulbin da ake noman rani. Abin da aka zuba a masai ƙasa yake tafiya, inda ruwan rijiyoyin unguwa yake. Cutar da maƙwabci ta hanyar da ba ya gani ba ta fita daga cutarwa ba, kuma kowane magidanci ya san nauyin da ke kansa a nan.

Mu muna tara namu a jarka mai murfi da aka rubuta wa suna, nesa da hannun yara da kayan abinci, mu kai wa masu juye da ke tara shi a ganga. Ƙasar da ta riga ta sha mai mun kankare ta mun fitar, mun zuba sabon rairayi, kuma ba ma amfani da kwalbar lemo ko ta ruwa wajen ajiye mai ko kananzir, saboda yaro ba ya bambancewa. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Bayan gyaran, motar da ke shan lita 1 cikin kwana 15 ta koma ba ta neman fiye da rabin lita tsakanin juye da juye, muna kuma yin juyen a kowace kilomita 5,000 saboda ƙurar hanyoyinmu. Yaya da kansa ya janye maganar sayarwa. Mun ɗora wa babban ɗansa aikin duba sandar mai kowace safiyar Asabar da kuma kafin kowace doguwar tafiya, a kan daidaitacciyar ƙasa, inji a kashe na aƙalla minti 10, ya zare ya goge ya mayar ya sake zarewa, sannan ya rubuta abin da ya gani da lambar kilomita a ɗan littafin da ke cikin mota. Duk ran da rubutun ya nuna man yana sauka fiye da yadda aka saba, a daren nan ake shimfiɗa kwali.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a gida da kan hanya, ya sa albarka a ɗan abin da muke da shi. Wassalam.